Ƙirar Jiki da Rabe-raben Kaskar Ƙasa: Yadda Ake Tabbatar da Sabon Nau'i, Misali Daga Archegozetes longisetosus

Tsakure

Kaskar ƙasa wata mitsitsiyar halitta ce mai ƙafa takwas da ke rayuwa a cikin turɓaya da ruɓaɓɓen ganye, 'yar ajin kaska da gizo-gizo da kunama. Duk shekara masana kan fitar da sunayen sababbin nau'o'inta, amma ba kasafai ake bayyana wa wanda ba ɗan fagen ba hujjar da ake dogara da ita kafin a ce halitta sabuwa ce. Wannan maƙala ta ɗauki nau'i guda, wato Archegozetes longisetosus, wanda aka fara siffantawa daga ƙasar Tailan a shekarar 1965. Ta bi sassan jikin halittar ɗaya bayan ɗaya, sannan ta nuna yadda kowane sashe yake kai ta ga gurbinta a tsarin rabe-raben dabbobi. Maƙalar ta nuna cewa babbar hujjar masana ita ce gashin jikin halittar, ta fuskar adadinsa da mazauninsa da tsawonsa, musamman ga nau'in da ke hayayyafa ba tare da namiji ba. An kammala da bayanin abin da daidaita suna ke haifarwa ga bincike da kuma kiwon dabbobi.

Fitilun Kalmomi: kaskar ƙasa, ƙirar jiki, rabe-rabe, nau'i, raɗin suna

1.0 Gabatarwa

Idan aka ɗebi tafi guda na ruɓaɓɓen ganye daga gindin bishiya a tsakiyar damina, abin da ido zai gani bai wuce tana ko gara ko 'yan tururuwa ba. A cikin wannan tafi kuwa akwai wasu halittu da ƙanƙantarsu ta ɓoye su, waɗanda mafi yawansu ba su kai tsawon milimita ɗaya ba. Daga cikinsu akwai rukunin da masana kimiyyar dabbobi ke kira Oribatida. An siffanta nau'o'insu sama da 10,000, kuma har gobe ana samun ƙari. A dazuzzukan ƙasashe masu sanyi ana iya ƙirga sama da 100,000 daga cikinsu a murabba'in mita ɗaya na ƙasa. Tsofaffin halittu ne ƙwarai, domin an sami ɓurɓushinsu a duwatsun Gilboa da ke jihar New York ta Amurka, waɗanda shekarunsu suka kai kimanin miliyan 380.

Tambayar da ta haifar da wannan maƙala ita ce: idan halittu sun kai wannan yawa, kuma ga ido duk kamanninsu ɗaya, da wace hujja mai bincike zai tashi ya ce wannan da ke gabansa ba a taɓa siffanta irinta ba? Bahaushe na cewa kama da wane ba ta wane. Aikin masanin rabe-rabe kacokan ya ta'allaƙa ne ga raba kama da zama abu ɗaya, kuma yana yin haka da ƙidaya da awo da kwatance.

2.0 Ma'anar Kaskar Ƙasa

An zaɓi sunan kaskar ƙasa a wannan maƙala ne saboda kaska ita ce 'yar uwar waɗannan halittu da Bahaushe ya fi sani. Akwai wasu 'yan uwan nasu guda biyu da ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Na farko shi ne ɗan jan ƙwaron nan mai laushin karammiski da ke fitowa bayan ruwan farko. Na biyu shi ne ƙwaron da ke haƙa fatar mutum ya haddasa ƙazuwa, wanda ake kira Sarcoptes scabiei. Dukkansu masana sun tara su a ƙarƙashin sunan Acari, wanda ya ƙunshi nau'o'i sama da 50,000 da aka sani.

Sai dai sunan na buƙatar gyara guda. Kaskar ƙasa ba ta shan jini kuma ba ta maƙale wa dabba. Abincinta ruɓaɓɓen tsiro ne da naman gwari da gansakuka da ƙwayoyin halittun da ke cikinsu. Haka kuma ta bambanta da ƙwari irin su ƙuda da fara. Ƙwaro yana da ƙafa shida da ƙahonni biyu na sansano abubuwa, jikinsa kuma kashi uku ne. Ita kuwa babbar kaskar ƙasa ƙafa takwas gare ta, ba ta da ƙahonnin nan, ba ta da fukafukin tashi, kuma mafi yawan nau'o'inta ba su da idanu. Da yawa daga cikinsu fatarsu tana da tauri kamar sulke, wasu ma sinadarin kalsiyam ne ke ƙara mata ƙarfi.

3.0 Hanyar Samo Ta da Nazarinta

Ba a tsintar kaskar ƙasa da hannu. Dabarar da ake amfani da ita ta samo asali ne daga masanin ƙasar Italiya Antonio Berlese a shekarar 1905, wanda ya yi amfani da ruwan zafi wajen ɗumama samfurin ƙasa. A shekarar 1918 Albert Tullgren na ƙasar Suwidin ya sauƙaƙa ta da ƙwan lantarki. Ana zuba ƙasa da ganye a kan rariya, a ɗora rariyar a bakin mazurari, a kunna ƙwan lantarki daga sama. Yayin da saman samfurin ke bushewa, halittun kan yi ta gangarawa ƙasa don guje wa zafi da haske, har su zurare ta rariyar su faɗa cikin kwalbar sinadarin etanol da aka tara a ƙasan mazurarin. Aikin kan ɗauki kwanaki da yawa, domin idan aka gaggauta zafin sai su mutu a cikin ƙasar kafin su fito.

Bayan an ware su, akan jiƙa su a asid ɗin laktik, irin sinadarin da ke sa nono tsami. Wannan asid yana narkar da tsokar ciki ya bar fatar tana nuna haske, ta yadda za a iya hango kowane gashi da kowane rami a ƙarƙashin na'urar duba ƙananan halittu. Akan sa halittar a gilashi mai ɗan kwarmi domin a riƙa jujjuya ta, a dube ta ta baya da ta ciki da ta gefe. Daga nan sai awo da zane. Har yau zanen hannu bai rasa matsayinsa ba, saboda mai zane yana iya nuna gashin da ke wurare daban-daban na zurfi a shafi ɗaya, abin da hoto guda ba ya iyawa.

4.0 Ƙirar Jiki

Babbar Archegozetes longisetosus tsawonta ya kusa milimita ɗaya, launinta ruwan ƙasa ne, nauyinta kuma kimanin kashi ɗaya cikin goma na miligiram. Wato sai an tara kusan 10,000 kafin su kai giram ɗaya. Jikinta, kamar na sauran 'yan rukuninta, ana nazarinsa ne sashe-sashe.

Tsarin da ake bi wajen wannan nazari aikin François Grandjean ne, Bafaranshen da ya rayu daga 1882 zuwa 1975. Asalinsa masanin ma'adinai ne. Shi ne ya tabbatar da cewa gashin jikin waɗannan halittu ba barkatai yake tsirowa ba, kowane sili yana da mazauni tsayayye da za a iya bin sawunsa daga nau'i zuwa nau'i. Saboda haka ya ba kowane gashi alama ta harafi da lamba, kuma da waɗannan alamomi ake rubuta siffar kowane sabon nau'i har yau.

4.1 Sashen Baki

A can gaba akwai sashen baki, wanda ya ƙunshi muƙamuƙai biyu masu kama da hantsaki. Kowannensu yana da yatsa tsayayye da yatsa mai motsi, dukkansu da haƙora. Da su ake gutsuro abinci. A gefensu akwai wasu 'yan gaɓoɓi biyu masu kama da ƙananan ƙafafu, waɗanda ake taɓa abinci da ɗanɗana shi da su. Siffar muƙamuƙan tana nuna irin abincin nau'i, domin masu cin itace nasu gajeru ne masu ƙarfi, masu tsotsar abu mai laushi kuwa nasu sirara ne.

Muƙamuƙan Archegozetes longisetosus sun taɓa warware wata tsohuwar muhawara. A shekarar 1998 Maximilian Telford da Richard Thomas sun nazarci yadda wasu ƙwayoyin gado ke aiki a cikin ƙwanta, suka nuna cewa gaɓar jikin da ke ɗauke da muƙamuƙan ita ce takwarar gaɓar da ke ɗauke da ƙahonnin sansano na ƙwari. Kafin wannan lokaci an daɗe ana ɗaukar cewa dangin gizo-gizo sun rasa wannan gaɓa gaba ɗaya.

4.2 Gadon Baya

Gadon baya kashi biyu ne. Garkuwar gaba, wadda ake kira prodorsum, ita ce ke rufe sashen baki daga sama. A kowane ɓari nata akwai gashi ƙidayayye: ɗaya a goshi, ɗaya a bayansa, ɗaya a tsakiya, sai na gefe. Mafi muhimmanci shi ne wani gashi na musamman da ke fitowa daga cikin wani ɗan ƙoƙo, wanda ke jin motsin iska da girgizar ƙasa. Ga halittar da ba ta da ido, wannan gashi shi ne jagoranta. Siffarsa ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i: wani kamar zare, wani kamar kulki, wani kamar mashaci, wani kamar ganye. Wasu dangogi ma ba su da shi sam, kuma rashin nasa hujja ce a wajen rabe-rabe.

Garkuwar baya, wadda ake kira notogaster, ita ce ke rufe sauran jiki. Cikakken adadin gashinta goma sha shida ne a kowane ɓari, an jera su sahu-sahu da haruffan c da d da e da f da h da p. Nau'o'i da yawa sun rasa wasu daga ciki, har adadin kan sauka zuwa goma. Mai bincike ba ya tsayawa ga ƙirga abin da ke nan. Dole ya fayyace wane gashi ne ya ɓace, domin nau'i biyu na iya samun adadi ɗaya alhali abin da kowanne ya rasa daban ne. A nan ne sunan longisetosus ya samo tushe, domin a Latin ma'anarsa mai dogon gashi, kuma tsawon gashin garkuwar baya na daga cikin abin da ya raba wannan nau'i da ɗan uwansa Archegozetes magnus.

A gefen garkuwar baya akwai kafar wani kurtsin mai a kowane ɓari. Fatar Archegozetes longisetosus ba ta da taurin ta sauran 'yan rukuninta, don haka da wannan mai take kare kanta. Daga cikin sinadaran da ke cikinsa akwai neral da geranial, waɗanda su ne ke ba ciyawar shayin nan ƙamshin lemun tsami. A shekarar 2011 Michael Heethoff da abokan aikinsa sun nuna cewa wani ƙwaro mafarauci mai suna Stenus juno yana ƙyale wadda kurtsinta ke cike, amma yana cinye wadda aka tatse mata man. Wasu dangogin kuwa dabararsu daban ce. 'Yan dangin Galumnidae suna da wasu faifai kamar fukafukai da suke rufe ƙafafunsu da su, 'yan dangin Phthiracaridae kuma sukan naɗe jikinsu su koma kamar ƙwayar iri.

4.3 Ƙasan Jiki

Idan aka kifar da halittar, za a ga allunan ƙirji huɗu a kowane ɓari, inda ƙafafu suke haɗuwa da jiki. Akan rubuta adadin gashinsu a jere, misali 3-1-3-3, wanda shi ne tsarin da ya fi yawa a rukunin. Bayansu akwai kafar haihuwa da kafar bayan gida, kowacce da marufi biyu kamar ƙyauren ƙofa. Ana ƙirga gashin da ke kan marufan da wanda ke gefensu. Dangin da Archegozetes take ciki an san su da rashin gashi a gefen kafar haihuwa, kuma wannan na daga cikin alamomin da ake gane su da su.

4.4 Ƙafafu

Kowace ƙafa tana da gaɓa biyar, a ƙarshenta kuma akwai farce ɗaya ko biyu ko uku, gwargwadon nau'i. Gashin ƙafafu ma ana ƙirga shi gaɓa-gaɓa, ana kuma ware gashi na yau da kullum daga wasu sirara masu rami a ciki waɗanda ke sansano sinadarai. Archegozetes farce ɗaya gare ta a kowace ƙafa, amma ƙarfinsa ya ba masana mamaki. A shekarar 2007 Heethoff da Lars Koerner sun auna cewa tana iya riƙe abin da ya ninka nauyinta sau 1,180 a kan shimfiɗaɗɗen wuri mai kaushi, tana kuma iya jan abin da ya ninka shi sau 530 a tsaye. Da mutum mai nauyin kilo 70 ne, da ya riƙe sama da tan 82. Gaskiya ne ƙananan halittu kan fi manya ƙarfi idan aka gwada da nauyinsu, amma ko a tsakanin ƙananan wannan adadi ya yi fice. Ga halittar da ke kutsawa tsakanin ƙwayoyin ƙasa, wannan ƙarfi abin bukata ne.

4.5 Matakan Girma

Kaskar ƙasa tana bin matakai shida bayan ƙwai. Na farko ba ya motsi kuma ba ya cin abinci. Na biyu jaririya ce mai ƙafa shida kacal. Daga nan sai matakan ƙuruciya uku masu ƙafa takwas, sannan babba. Ana gane matakin da halitta take ta hanyar ƙirga wasu 'yan tsiraye da ke cikin kafar haihuwa: ɗaya a kowane ɓari a matakin ƙuruciya na farko, biyu a na biyu, uku a na uku da kuma babba. Sanin wannan wajibi ne, domin a dangogi da yawa ƙarama ba ta kama da uwarta ko kaɗan. Wanda bai kula ba sai ya raɗa wa 'ya suna daban da na uwa.

5.0 Rabe-rabe

Tsarin rabe-raben dabbobi hawa-hawa ne, daga mafi faɗi zuwa mafi ƙunci, kuma kowane hawa da hujjarsa a jiki. Ga yadda Archegozetes longisetosus ta sami gurbinta:

i. Daular Animalia, wato dabbobi baki ɗaya.

ii. Reshen Arthropoda, saboda ƙwarangwal ɗinta a waje yake kuma ƙafafunta gaɓa-gaɓa ne.

iii. Ajin Arachnida, saboda ƙafa takwas da muƙamuƙai masu kama da hantsaki da rashin ƙahonnin sansano.

iv. Babban rukunin Acariformes. A nan ne ta rabu da kaskar shanu, wadda ke cikin Parasitiformes. Grandjean ne ya gano hujjar, ta hanyar haska gashinsu da irin hasken da ake nazarin ma'adinai da shi. Gashin Acariformes yana da wani sinadari da ke ƙyalli a wannan haske, na ɗaya ɓangaren kuwa ba shi da shi. Har yanzu masana na muhawara a kan ko waɗannan manyan rukunai biyu kakansu na kusa ɗaya ne.

v. Rukunin Sarcoptiformes, sannan ƙaramin rukunin Oribatida.

vi. Ɓangaren Desmonomata, ɗaya daga cikin ɓangarori biyar da littafin A Manual of Acarology, bugu na uku na shekarar 2009, ya kasa Oribatida. Sauran su ne Palaeosomata da Enarthronota da Parhyposomata da Mixonomata.

vii. Dangin Trhypochthoniidae. Makusantansu su ne Malaconothridae, waɗanda ba su da gashin ƙoƙon nan mai jin motsi, alhali Archegozetes tana da shi.

viii. Gidan Archegozetes, sannan nau'in longisetosus.

Wannan gurbi yana da wani abin lura. Roy Norton na Amurka ya kawo hujjoji, musamman a shekarar 1998, cewa rukunin Astigmata, wanda ƙwaron ƙazuwa ke ciki, daga cikin Oribatida ya tsiro, kusa da waɗannan dangogi biyu. Kurtsin man nan na gefen baya na daga cikin hujjojinsa, domin ɓangarorin biyu duk suna da shi, kuma sinadaran cikinsa sun yi kama. Idan wannan ra'ayi ya tabbata, to ƙwaron ƙazuwa ya fi kusa da mai cin ruɓaɓɓen ganye fiye da yadda yake kusa da kaska mai shan jini.

6.0 Raɗin Suna da Ƙa'idojinsa

Sunan kimiyya kalma biyu ne, ta farko sunan gida, ta biyu sunan nau'i. An ɗauki bugu na goma na littafin Systema Naturae na Carl Linnaeus, na shekarar 1758, a matsayin mafarin wannan tsari ga dabbobi. A yau akwai kundin ƙa'idoji na duniya da ke kula da shi, wanda bugunsa na huɗu ya fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2000.

Kundin ya gindaya sharuɗɗa kafin suna ya karɓu. Dole a buga shi da haruffan Latin. Dole a rubuta bayani da kalmomi a kan abin da ya bambanta nau'in da saura. Dole mai siffantawa ya faɗa ƙarara cewa sabon suna ne, ya kuma ayyana samfurin asali, wato halittar da sunan zai rataya a kanta, tare da faɗin inda aka ajiye ta. Akan ajiye samfurin ne a gidan adana kayan tarihin halitta ko a jami'a, domin duk mai shakka ya je ya duba da idonsa. Daga shekarar 2012 an yarda a buga sabon suna a mujallar intanet, muddin an yi wa aikin rajista a rumbun ZooBank.

Tarihin gidan Archegozetes ya nuna yadda ƙa'idojin ke aiki. A shekarar 1925 Max Sellnick na Jamus ya siffanta wata kaskar ƙasa daga tsibirin Sumatra, ya sa ta a gidan Epilohmannia. A 1931 Grandjean ya ga cewa siffarta ba ta dace da wannan gida ba, sai ya kafa mata sabon gida mai suna Archegozetes. Shi ya sa ake rubuta Archegozetes magnus (Sellnick, 1925) da baka biyu, domin baka biyun alama ce ta cewa an sauya wa nau'in gida. A 1965 masanin ƙasar Japan Jun-ichi Aoki, a wani aiki da ya rubuta da Jamusanci kan kaskar ƙasa ta Tailan, ya siffanta wata 'yar wannan gida mai dogon gashi. Ita ce Archegozetes longisetosus Aoki, 1965, ba baka biyu, domin tana nan a gidan da aka fara sa ta.

Akwai kuma ƙa'idar rigaye. Idan aka gano cewa sunaye biyu na halitta ɗaya ne, wanda ya riga fitowa shi ke tsayawa. Haka ta faru a 1999, lokacin da wani nazari da aka buga a Meziko ya nuna cewa wata kaskar ƙasa da aka raɗa wa sabon suna a can ita ce dai wadda Aoki ya siffanta daga Tailan. Sabon sunan ya koma inkiya. Nisan wuri bai isa hujjar sabunta ba, domin wannan nau'i ya bazu a ƙasashe masu zafi na Asiya da tsibiran tekun Fasifik da Amurka ta Tsakiya da ta Kudu.

7.0 Nau'in da Ba Shi da Bukatar Namiji

Ma'anar nau'i da ta fi shahara ita ce ta Ernst Mayr ta shekarar 1942, wadda ta ce 'yan nau'i ɗaya su ne waɗanda ke iya barbara da juna su haifi masu haihuwa. A yawancin kaskar ƙasa namiji kan dasa ɗigon maniyyinsa a kan wani ɗan sili a ƙasa, mace ta zo ta ɗauka. Amma kusan kashi goma cikin ɗari na nau'o'in Oribatida ba su bin wannan hanya. Mace ce ke haifar mata ba tare da barbara ba. Archegozetes longisetosus tana cikinsu, haka ma danginta.

Ga irin wannan halitta ma'anar Mayr ba ta da abin kamawa, tunda babu barbarar da za a gwada. Abin da ya rage shi ne siffar jiki, sai kuma, a 'yan shekarun nan, kwatanta jerin ƙwayoyin gado, dabarar da ta bazu bayan aikin Paul Hebert na ƙasar Kanada a 2003. Kowace hanya da rauninta. Tsawon gashi yana iya bambanta kaɗan tsakanin 'ya'yan uwa ɗaya, don haka samfuri guda ba ya isa a yanke hukunci, sai an auna da yawa an ga iyakar bambancin. Ƙwayoyin gado kuma kan fallasa nau'o'i biyu da ke ɓoye a ƙarƙashin siffa ɗaya, amma jerin da ba a jingina shi ga samfurin da aka siffanta ba, ba shi da sunan da zai ɗauka. Wannan ne ya sa kyakkyawan aiki a yau yake haɗa hanyoyin biyu.

8.0 Amfanin Daidaita Suna

A shekarar 1993 Roy Norton ya ɗauki mace guda mai ƙwai daga cikin samfurin ɓawon kwakwa da aka samo daga tsibirin Puerto Rico, ya fara kiwonta a ɗakin gwaji. Tunda ba ta bukatar namiji, kuma zuriyarta na girma cikin kimanin wata biyu, alhali wasu nau'o'in ƙasashe masu sanyi kan ɗauki shekara ɗaya ko biyu, sai ta yaɗu zuwa ɗakunan gwaji na ƙasashe da dama. A 2007 Heethoff da abokan aikinsa suka sa wa wannan zuriya laƙabin ran, daga haruffan farko na sunan Norton. Yawancin binciken da aka ambata a sama a kan wannan zuriya aka yi shi. Abin da ya ba da damar haɗa sakamakon Jamus da na Amurka wuri ɗaya shi ne tabbacin cewa halitta ɗaya ake magana a kai, kuma wannan tabbaci ya samo asali ne daga siffantawar Aoki.

Batun bai tsaya a ɗakin gwaji ba. A shekarar 1937 Horace Stunkard ya gano cewa tsilar nan ta tumaki mai suna Moniezia expansa a cikin kaskar ƙasa take yin matakinta na tsakiya. Ƙwan tsilar yana fita a kashin dabba, kaskar ƙasa ta haɗiye shi, ya girma a cikinta, sannan tunkiya ko akuya ta cinye kaskar tare da ciyawa. Ɗan hakin da ka raina, in ji Bahaushe, shi kan tsone maka ido. Sai dai ba kowane nau'i ne ke ɗaukar tsilar ba. An fi samun ta a dangogin Scheloribatidae da Galumnidae da Oribatulidae. Likitan dabbobin da ke son sanin haɗarin wata makiyaya yana bukatar wanda zai iya raba waɗannan dangogi da saura, kuma rabawar da gashi da faifai da farce ake yin ta.

A Nijeriya, Farfesa M. A. Badejo na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya yi fice a nazarin waɗannan halittu. A farkon shekarun 2000, tare da Steffen Woas da Ludwig Beck na gidan adana kayan tarihin halitta da ke Karlsruhe a Jamus, sun siffanta nau'o'i da dama daga Nijeriya da Brazil. Ayyukansa sun kuma shafi yadda noma da sauyin damina da rani ke taɓa yawansu, abin da ya sa ake amfani da su wajen auna lafiyar ƙasa. Irin wannan awo ba ya yiwuwa sai an san wane nau'i ne ya ragu kuma wane ne ya ƙaru.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi ƙirar jikin Archegozetes longisetosus daga muƙamuƙi zuwa farce, ta kuma nuna yadda kowane sashe ke zama hujja a wani hawa na rabe-rabe. An ga cewa kafin a ce an gano sabon nau'i, sai an ƙirga gashi an san wanda ya ɓace, an auna samfura da yawa, an bambanta ƙarama da babba, an kwatanta da duk abin da aka siffanta a gidan tun farko, sannan an ajiye samfurin asali inda wani zai iya dubawa. An kuma ga cewa suna na iya faɗuwa idan hujjarsa ba ta tsaya ba, kamar yadda ya faru a Meziko. Sunan da Aoki ya raɗa a 1965 ya kai shekara sittin yana aiki, kuma a kansa aka gina binciken ƙarfi da na sinadaran kariya da na ƙwayoyin gado. Ɗalibin da ya kafa mazurarinsa a kan ƙasar gona ko ta makiyaya, ya ga wata halitta da bai gane ba, waɗannan matakai ne zai bi kafin ya raɗa mata suna.